Tsakanin Ƙari da Ninki: Jawabi ga Taron Reshe



Kwanakin baya na tambayi ɗalibaina bambancin girgizar ƙasa mai maki 5 da mai maki 7. Ajin ya amsa baki ɗaya: "Biyu ne, Malam." Ragi kam sun iya. Abin da ban koya musu ba shi ne gane girman abu, kuma laifin nawa ne.

Ma'aunin da Charles Richter ya fito da shi a Kalifoniya a 1935 da ninki yake hawa. Kowane mataki guda na nufin motsin da na'ura ta rubuta ya ninka sau 10, ƙarfin da ƙasa ta saki kuwa kusan sau 32. Saboda haka girgiza mai maki 7 ta fi mai maki 5 ƙarfi sau 1,000.

Haka abin yake wajen masana taurari. A 1856 Norman Pogson ya tsayar da cewa tauraro mai daraja ta 1 ya fi mai daraja ta 6 haske sau 100; a nan lamba tana raguwa, haske yana ƙaruwa. A ilimin sinadarai kuma, ruwa zalla yana kan 7 a ma'aunin pH, ruwan lemon tsami wajen 2. Matakai biyar ne kacal, amma ninkin ya kai 100,000.

'Yan'uwa, wannan magana ba ta tsaya a ɗakin gwaji ba. Daƙiƙa miliyan ɗaya kwana 11 da rabi ce. Daƙiƙa biliyan ɗaya ta haura shekara 31. Yaron da bai gane wannan tazara ba, gobe zai ji ana karanta kasafin kuɗi a rediyo, an ware wa makarantu miliyoyi, wani fanni biliyoyi, ya ɗauka rabon ya yi kusa, don kawai sunayen sun yi kama. Mu ma da ke zama teburin tattauna albashi muna bukatar wannan ido.

Roƙona ɗaya ne. Kafin ɗalibi ya ɗora biro kan takarda, mu sa shi ya ƙiyasta: amsar nan a gomomi take, ko ɗaruruwa, ko dubbai? In ya ga lamba, ya saba tambaya: wane ma'auni ne wannan, da ƙari yake hawa ko da ninki? Minti biyu a farkon darasi sun isa.

Allah Ya yi mana jagora, Ya albarkaci ɗalibanmu. Wassalamu alaikum.