Ciwon Alkama, Da Yadda A Ke Gano Inda Ta Ɓuya

Muna yi wa kowa barka da zuwa, mutanen Warra da na ƙauyuka, da waɗanda suka ƙetaro ruwa a jirgi. Yau maganar lafiya za mu yi, amma kowa ya riƙe littafinsa da fensirinsa kusa, za mu neme su.

Akwai wani ciwo wanda alkama ke tayarwa. Kada kowa ya tsorata. Alkama abinci ce mai kyau, yawancinmu kuwa za mu ci ta har tsufa ba abin da zai same mu. Amma a duniya, cikin mutum 100 akan sami kamar mutum 1 wanda jikinsa ba ya karɓarta. Likitoci suna kiran ciwon siliyak. Mu a nan sai mu ce ciwon alkama, don ya fi sauƙin riƙewa.

Ga yadda abin ya ke. In mace ta kwaɓa fulawa ta ja, sai ku ga kwaɓin yana miƙewa kamar danƙo. Garin gero ko na dawa ba ya yin haka, gutsurewa ya ke yi. Wannan danƙo shi likitoci ke kira gulutin. Yana cikin alkama, da sha'ir, da wani hatsi na ƙasashen sanyi wanda ba mu noma shi a nan.

Duk wanda ya taɓa gyara kayan cikin akuya ya san tumbi, wanda a ke ce wa tawul saboda 'yan tsiron da ke jikinsa. To, cikin ƙaramin hanjin ɗan Adam ma akwai 'yan tsiro masu kama da waɗannan, sai dai ƙanana ne ƙwarai. Su ke tsotse amfanin abinci su kai cikin jini. In mai wannan ciwo ya ci danƙon alkama, sai jikinsa ya ɗauke shi abokin gaba ya tasam masa da yaƙi, a wajen yaƙin kuwa 'yan tsiron nan su ke lalacewa. Hanji ya koma sumul kamar bayan ƙwarya. Daga nan mutum ya yi ta cin abinci, abinci yana wucewa kawai. Sai zawo, da kumburin ciki, da rama, da ƙarancin jini, da kasala. In yaro ne sai ya ƙi girma, ciki ya fito, ƙafafu su sirance. Ba a ɗaukar ciwon wajen wani, amma yana bin jini. Cikin iyaye da 'ya'ya da 'yan'uwan mai ciwon na ciki ɗaya, akan sami kamar 1 cikin 10 da shi.

Ku lura da wannan da kyau. Mu mutanen bakin ruwa ne, abubuwan da ke ɓata mana ciki kuwa suna da yawa: ruwan tafki wanda ba a tafasa ba, da tsutsar ciki, da tsargiya, da zazzaɓin taifot. Saboda haka ba mai zawo ne zai yanke wa kansa hukunci cewa alkama ce ba. Likita ne zai faɗa, bayan an auna jini, sau da yawa kuma sai an leƙa hanjin da na'ura. Irin wannan awo sai babban asibiti, kamar na Birnin Kebbi ko asibitin koyarwa na Sakkwato. Kuma kada a daina cin alkama kafin a je awon. In an daina, alamar ciwon takan ɓace daga jini, likita ya duba bai ga kome ba, a yi asarar kuɗin mota.

Wani likitan yara na ƙasar Holan, Willem Dicke, shi ya tabbatar da laifin alkama. A ƙarshen yaƙin duniya na biyu, cikin 1944 da 1945, an yi yunwa a ƙasarsu, burodi ya yi wuya. Sai ga yaran da ke fama da wannan ciwo suna samun sauƙi, alhali kowa yana ramewa. Da burodi ya dawo, ciwonsu ya dawo. Ya rubuta bayaninsa cikin 1950. An daɗe ana zaton ciwon Turawa ne kaɗai. Amma da aka auna yaran 'yan gudun hijira na Yammacin Sahara, waɗanda ke zaune cikin hamadar Aljeriya, abincinsu kuwa galibi fulawa ce, aka tarar fiye da 5 cikin 100 suna da shi.

Mu ma cin alkamarmu ya ƙaru. Kafin a gama madatsar ruwa ta Kainji cikin 1968, kakanninmu tuwo da fura da kifi suka fi sani, alkaki da finkaso kuwa sai ranar biki. Yanzu fa? Burodi da shayi da safe, taliya da rana, yaro ya yi kuka a ba shi biskit. A Birnin Kebbi aka buɗe shirin ba manoman shinkafa da alkama rance cikin 2015, ana kuwa noma ta da rani a jiharmu.

Maganin ciwon guda ɗaya ne, watau a bar alkama da sha'ir, bari na har abada. Ba allura, ba ƙwaya, ba saiwa. A nan Allah ya yi mana sauƙi, gama gero, da dawa, da masara, da shinkafa, da acca, da rogo, da dankali, da wake, da gyaɗa, da kifi, da nama, da albasar Yauri, duk babu wannan danƙo a cikinsu. In an kiyaye, hanjin yaro yakan warke cikin watanni. Na babba ya fi daɗewa, yakan kai shekara ɗaya ko biyu, ko fiye.

Yanzu mun zo ga ainihin maganarmu. Bari mu yi misali. A ce ga wata yarinya, likita ya tabbatar tana da ciwon. Uwarta ta hana ta burodi da taliya da fanke. Yarinya ta murmure, kumatu suka fito, ta koma wasa. Bayan wata uku sai zawo ya dawo. Maigida ya ce, “Ke, me kika ba ta?” Uwa ta rantse ba ta ba ta kome ba. Kaka ta ce ai da ma sammu ne. Aka fara kallon kishiya. Ga gida ya ɗauki zafi, alhali ba wanda ya yi ƙarya. Alkama ce ta shigo ta inda ba a tsammani.

Abin da ya sa haka, kaɗan ƙwarai ya isa ya yi ɓarna. Ƙa'idar abinci ta duniya ta 2008 ta ce abincin da za a kira marar gulutin kada ya wuce miligiram 20 cikin kilo ɗaya. In mun juya wannan lissafi zuwa namu, cokali biyu ko uku na fulawa ke nan cikin buhun gari mai kilo 100. Waɗansu likitocin Italiya kuma sun nuna cikin 2007 cewa miligiram 50 kullum, watau abin da ke cikin ɗan ɓarɓashin burodi, yana taɓa hanji cikin wata uku. Wuta ba ta kashe shi, domin ba ƙwayar cuta ba ce. Ko an tafasa, ko an soya, yana nan.

To, yaya za a kama shi? Da tunani kaɗai ba za a iya ba. Ciwon yakan taso bayan 'yan sa'o'i, wani lokaci kuwa sai bayan kwana ɗaya ko biyu. Wa ke iya tuna duk abin da yaro ya sa a baki shekaranjiya? Sai dai a rubuta.

A sami littafin rubutu na 'yan makaranta. A kowane shafi a sa ranar da kwanan wata a sama, sa'an nan a ja layi uku daga sama zuwa ƙasa, shafi ya rabu huɗu. Gida na fari, abin da aka ci. Na biyu, wanda ya dafa ko wurin da aka saya. Na uku, inda aka niƙa garin da irin man da aka yi suya da shi. Na huɗu, yadda ciki ya kwana. Kada a raina kome. Ko ƙosai ɗaya gwaggo ta miƙa mata a zaure, a rubuta. In wanda ke rubutun bai gwane ba tukuna, ba laifi, kalma ɗaya ɗaya ta isa: kunu, inna, lafiya. Bayan mako biyu ko uku a zauna a duba. A nemi ranakun da ciki ya ɓaci, a koma baya kwana biyu, a ga abin da ke maimaita kansa.

A misalinmu, a ce an duba an ga duk makon da aka kai niƙa inji, ciki ya ɓaci, makon da aka daka a turmi kuwa lafiya lau. An kama ɓarawo ke nan. Injin niƙa na kowa ne. Wata ta kawo alkamarta ta tuwo ko ta alkaki, ke kika biyo bayanta da dawarki, sauran garinta da ya maƙale cikin inji ya bi naki. Mai inji bai yi laifi ba, bai sani ba. A gaya masa cikin girmamawa. Waɗansu sukan fara zuba ɗan hatsi a niƙa a ware wa sauran mutanen gida. Wannan yana ragewa, amma ba ya wanke inji sarai. A ganinmu turmin gida ya fi, ko injin da aka tabbata ba a kai masa alkama. Wahala ce, mun sani, amma ta fi jinya sauƙi.

Bayan inji sai mai. Mai tuya a bakin kasuwa takan soya fanke ko cincin, sa'an nan ta zuba ƙosai cikin man nan. Ƙosai wake ne, amma man ya riga ya ɗauko. Haka kifi, in an barbaɗa masa fulawa kafin suya. Ɗanwake ma abin lura ne, gama mata da yawa yanzu suna haɗa garinsa da fulawa. Wata takan sa 'yar fulawa cikin ƙullin waina don ya kama, wata ta sa alkama cikin kunun zaƙi don gardi. Sai an tambaya, kuma a tambaya a fili: “Inna, akwai fulawa ko alkama a ciki? Yarinyar ce likita ya hana.” In kun ce “Me aka sa?” kawai, za ta lissafa manyan abubuwa ta manta da cokali biyun nan.

Akwai kuma masu sunan da ke ruɗi. Semovita da kuskus na leda da Indomie duk alkama ne, ko da ya ke ba su yi kama da ita ba. Gurasa da dubulan kuwa kowa ya sani.

Cikin gida, a ware wa mai ciwon rariyarsa, da muciyarsa, da ƙwaryarsa. Rariya ita ta fi riƙe gari, itace kuma yana da tsaga. Kada a zuba garinsa cikin tsohon buhun fulawa, a kuma kula da mudun da aka auna fulawa da shi a kasuwa. In an ci burodi, a wanke hannu kafin a sa cikin akushi ɗaya da shi. Kaka kuwa a yi mata bayani a hankali, a ce, “Iya, biskit ɗin nan shi ke kwantar da jikarki. In za ki ba ta tsaraba, ga gyaɗa, ga dabino, ga rake.” Tausayi ne ke sa ta bayarwa, in ta gane za ta fi kowa tsaro.

Kayan kwali da na leda, hukumar NAFDAC ta wajabta a rubuta abin da aka haɗa su da shi a jikinsu. Rubutun Turanci ne, amma baƙaƙen su ne dai waɗanda kuka koya. Kalmomi huɗu za mu rubuta a allo: wheat, ita ce alkama, barley, shi ne sha'ir, malt, watau tsiron hatsi, wanda galibi na sha'ir ne, sai gluten. Ba sai kun iya faɗarsu ba, ku dai gane su da ido. Ku neme su a jikin dunƙulen ɗanɗanon miya, da garin shayi na gwangwani, da abin sha na kwalba, da alewar yara. Wani iri yana da su, wani ba shi da su, masu yi kuma sukan sake haɗi, saboda haka a riƙa dubawa kowane saye.

In an zargi abu, shi kaɗai za a janye, a jira mako biyu ana rubutu. In an janye biyar gaba ɗaya aka sami sauƙi, ba a san wanne ne ba, an kuma hana yaro abinci huɗu a banza. Kada kuma a ba shi alkama da gangan don gwaji. Akwai wanda zai ci bai ji kome ba, hanji kuwa yana lalacewa a ɓoye. Wani lokaci madara ce ke ɓata ciki a farkon jinya, kafin hanji ya warke, wannan kuwa yakan wuce. In littafi bai nuna kome ba, ko aka ga jini a bayan gida, ko zazzaɓi, ko yaro ya kasa shan ruwa, a ba shi ruwan gishiri da sukari a nufi asibiti, a tafi da littafin. Likita zai ji daɗin ganinsa.

Yanzu kowa ya buɗe shafi sabo, ya sa kwanan watan yau, ya ja layi uku. Ko gidanku ba mai wannan ciwo, ku rubuta abin da kuka ci tun safe. Ran zama mai zuwa kuma kowa ya zo da kwali ko leda ɗaya ta abinci daga gida, mu nemi kalmomin nan huɗu tare.