Uwargida, Kin San Ma'anar "Continue"?

A filinmu na yau za mu ɗauki kalma guda ta Turanci mu warware ta, kalmar da ke shigo mana har cikin ɗaki ko ba mu leƙa ƙofar gida ba. Tana zuwa a katin asibiti, tana zuwa a wayar hannu, tana kuma zuwa a takardar makarantar yara. Kalmar ita ce continue, ana furta ta "kwantinyu". Asalinta daga Latin ne, ta bi ta tsohon Faransanci ta shiga Turanci tun ƙarni na 14.

Ma'anarta ta farko ita ce ci gaba da abin da kike yi ba tare da kin tsaya ba. Idan aka ce continue cooking, ko continue to cook, duk abu ɗaya ne: ci gaba da girkinki. Ma'ana ta biyu kuwa ita ce komawa ga abu bayan an ɗan dakata. Ai kin sha ganin to be continued a ƙarshen fim, ko ba haka ba? Wato labari bai ƙare ba, sai mun haɗu a kashi na gaba.

To, a nan akwai wurin lura. Mu a Hausa muna cewa "ci gaba" mu nufi bunƙasa, kamar ci gaban gari. Ita continue ba ta ɗauke da wannan ma'ana. Idan likita ya rubuta ta, ba cewa yake an samu sauƙi ba. Umarni yake bayarwa: kada a daina.

Wannan shi ne babban dalilin da ya sa na zaɓo ta yau. Sau da yawa maigida ko ɗan aike ne ke karɓo magani, a miƙo miki leda da takarda, bayanin baki kuma ya zube a hanya. Yaro ya sha magani kwana ɗaya, zazzaɓi ya sauka, ya fita wasa, sai uwa ta ɗaga sauran ta ajiye don gaba. Alhali maganin zazzaɓin cizon sauro irin Coartem sau shida ake shan sa cikin kwana 3, sai an cinye shi tas. Maganin tarin fuka kuwa, wanda aka fi bayarwa na wata 6 ne, kuma yankewa a tsakiya na iya sa ƙwayar cutar ta bijire wa magani. Saboda haka in kin ga continue, ko an gajarce ta an rubuta cont., ki riƙe hannu biyu.

Haka nan batun shayarwa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar a ba jariri nono zalla tsawon wata 6, bayan nan a haɗa masa da abinci, a ci gaba da shayar da shi har shekara 2 ko fiye. Abin da continue breastfeeding ke nufi ke nan. Ko gudawa yaro yake yi, ba a janye masa nono, a ba shi ruwan gishiri da sukari, a kuma ci gaba da shayarwa.

Sai dai ki buɗe ido da kyau, domin tana da kishiya mai kama da ita: discontinue. Haruffa uku kacal aka ƙara a farko, amma ma'anar ta juye gaba ɗaya, ta koma "a dakatar". In rubutun likita ya shige miki duhu, kada ki yi cinke. Ki sa a koma wurin mai ba da magani a tambayo. Mai tambaya ba ya ɓata.

A waya ma haka ne. Za ki tura kuɗi ko ki sayi kati, sai ki ga continue a gefe guda, cancel a ɗaya gefen. Danna continue amincewa ce, cancel kuwa fasawa. Ki duba suna da adadin kuɗin tukuna kafin yatsanki ya taɓa ta, musamman in saƙon daga wanda ba ki sani ba ya fito.

Ita kuwa C.A. da kike gani a takardar sakamakon yara, daga wannan gida ta fito: continuous assessment, wato gwajin da malami ke yi a kai a kai cikin zango, ba jarrabawar ƙarshe kaɗai ba. Don haka fashin kwana ɗaya na iya jawo wa yaro asarar maki.

Ga ɗan aiki kafin mako mai zuwa. In yara sun dawo daga makaranta, ki sa ɗaya ya rubuta miki kalmomin nan biyu da manyan baƙaƙe, ki liƙa kusa da inda kike ajiye magani, ki kuma nuna wa abokiyar zama da maƙwabciya. Allah ya ba mu lafiya da zuri'a mai albarka. Ku huta lafiya.