Ƙuruciyar Ɗanƙwairo da Abin da Ya Rage Mana



Kwanakin baya ɗana ya nuna mini hoton bidiyo na wani matashi yana kaɗa piyano a gasar Chopin, wadda ake yi a Warsaw ta ƙasar Folan tun 1927, galibi bayan kowace shekara biyar. Piyano maɓallai 88 gare ta, yaron kuwa bai ko duba takarda ba. Irin waɗannan yara tun suna 'yan shekara biyar ko shida ake zaunar da su gaban malami, su yi ta bita sa'o'i a kullum, iyaye da makarantu suna ɗaukar nauyinsu. Da muka gama kallo sai ɗan nawa ya ce, "Baba, mu ba mu da irin wannan." Na ce masa muna da shi, kuma a ƙasar Bakura aka haife shi.

Alhaji Musa Ɗanƙwairo nake nufi, wanda aka haifa a 1909, ya rasu a 1991. Kowa a zauren nan ya san muryarsa. Abin da ba mu cika tunawa ba shi ne ƙuruciyarsa. Mahaifinsa, Usman Ɗankwanda, makaɗi ne, kuma tun Musa yana ƙaramin yaro yake bin sa wurin kiɗa. Hatta sunan da ya game duniya a can ya samo shi: akwai wani yaron gidan mai zaƙin murya ana ce masa Ƙwairo, da aka ji muryar Musa ta ɗauko tasa sai aka laƙaba masa Ɗanƙwairo. Bai faɗo jagora daga sama ba. Ya daɗe cikin 'yan amshi, ya zauna ƙarƙashin yayansa Kurna yana Daudun kiɗi, kafin ya ja tasa ƙungiyar.

Ina so mu tsaya a kan zaman amshin nan, domin shi ne makarantar. Ɗan amshi ba ya riƙe takarda. Sai ya haddace gindin waƙa da ɗiyanta, ya san inda jagora zai ajiye numfashi ya karɓa, ya san lokacin da zai yi ƙari da lokacin da zai yi shiru. Hannunsa kuma yana kan kotso, gangar nan mai fuska ɗaya da ake kaɗawa da yatsu. Ban da wannan sai ya san asalin sarki, kakanninsa da garuruwan da suka riƙa, don kuskure ɗaya a gaban fada ya isa ya zubar da mutuncin gida. Wanda ya yi shekaru a haka shi ne daga baya ya tsaya gaban Sardauna Ahmadu Bello, da Sarkin Daura Muhammadu Bashar, da Sarkin Kano Ado Bayero, bai yi inda-inda ba.

Ba shi kaɗai ba ne. Sa'idu Faru, na ƙasar Maradun, da kotso ya waƙe Muhammadu Macciɗo tun yana Sarkin Kudu, sarautar da ya zauna da ita a Talata Mafara. Wato wannan ɗan yankin namu ya fitar da manyan makaɗan fada biyu a zamani ɗaya.

To, mu faɗa wa juna gaskiya. Muna sa waƙoƙinsu a mota daga Abuja har gida, amma wa ke cikinmu zai yarda ɗansa ya rataya kotso? Ni kaina da an tambaye ni sai na yi jim. Mun ɗauki kiɗa roƙo ne, sana'ar gado ta wasu gidaje, kuma 'ya'yan gidajen ma da yawa sun kama wasu hanyoyin neman abinci, ba kuwa wanda zai ga laifinsu. A Legas, ƙungiyar MUSON da aka kafa a 1983 tana da makarantar koyar da kiɗa. A jami'o'inmu malamai irin su Farfesa Sa'idu Muhammad Gusau sun rubuta tarihin makaɗan nan sun nazarci waƙoƙinsu. Sai dai littafi ba ya koya wa yatsa bugun kotso. Wannan sai a gaban wanda ya iya, kuma waɗanda suka yi amshi a bayan Ɗanƙwairo tsufa ya cim musu.

Saboda haka nake roƙon kwamitin ilimi abu biyu a kasafin bana. A tattaro kaset-kaset da ke cikin akwatunan iyayenmu kafin zafi da ƙura su cinye su, a mayar da su kan kwamfuta, a rubuta wanda aka yi wa kowace waƙa. Sa'an nan a nemi dattijo guda daga gidajen kiɗan nan, da izinin fada, a yanka masa ɗan alawus na wata-wata, ya riƙa zama da yara uku ko huɗu ranakun Alhamis da Juma'a da yamma, ba tare da an cire su daga boko ko allo ba. Ni na ɗauki nauyin kotso biyu na farko, kuma ma'aji yana nan da littafinsa a bakin ƙofa.