Karibu na Duwatsun Kanada

Yau mun leƙa lardin Biritish Kolombiya a yammacin Kanada, gidan karibu na tsauni, wata dabba dangin barewa mai ƙahoni kamar rassan bishiya.

Da hunturu, idan dusar ƙanƙara ta binne ciyawa, takan taka samanta da faffaɗan kofatonta ta ci wata irin gansakuka da ke rataye a tsofaffin itatuwa. To, masu saran katako sun shiga dajin. Inda aka sare, sabon tsiro ya fito, ya janyo wasu namun dajin, kyarketai suka biyo su ta hanyoyin motocin katako, suka afka wa karibu. A 2019 aka kwashe ragowar garken karibu na Kudancin Selkirk, ya ƙare ke nan.

Amma ku ji abin da al'ummomin asali na West Moberly da Saulteau suka yi. Garken Klinse-Za ya ragu zuwa 38 a 2013. Al'ummomin suka fara killace matan karibu masu ciki a shinge a kan dutse, suna gadinsu dare da rana, suna tsinko musu gansakuka da hannu, har 'ya'yan su yi ƙwari, tare da rage kyarketai. Zuwa 2021 garken ya haura 100. Wannan aiki ya taɓa mini zuciya ƙwarai.

Damuwata ita ce dajin. Gwamnatin lardin tana harbe kyarketai tun 2015, alhali gansakukar nan sai bishiya ta shekara aru-aru take wadata a jikinta, kuma har yanzu ana sara.