AIKIN GANDIROBA DA NEMAN ILIMI MAI ZURFI
(Jawabin da aka gabatar a taron shekara-shekara na ƙungiya)



An umarce ni da in yi tsokaci a kan wani aiki da yawancinmu ba ma son jin cewa ɗanmu ya shiga, wato aikin gandiroba, da kuma yadda matashi zai riƙe shi yana karatun gaba da sakandare. Duk lokacin da aka buɗe ɗaukar ma'aikata, yaranmu kan yi rububin Kwastan da Shige da Fice, kaɗan ne ke waiwayar gidan yari, don gudun abin da za a faɗa a gari. A ganina wannan kunya tana jawo mana asara.

Aikin dai ba baƙo ba ne a ƙasar Hausa. Yari sarauta ce a fadar sarakunanmu, daga gare shi ne ma gidan ya samo sunansa. Gidajen yarin En'e sun ci gaba da aiki har shekarar 1968, lokacin da aka haɗe su ƙarƙashin Gwamnatin Tarayya. A 2019 aka yi sabuwar doka wadda ta mayar da sunan Hukumar Gidajen Gyaran Hali, ta kuma ɗora mata kula da hukuncin da ba na ɗauri ba, kamar yi wa al'umma hidima da sakin talala. Irin wannan nauyi yana bukatar wanda ya karanci halayyar ɗan Adam, ko shari'a, ko koyarwa, ko aikin jinya.

Matakan shiga uku ne. Mai takardar sakandare yakan fara a rukunin mataimaka, mai difloma ko NCE a rukunin sufeto, mai digiri kuma a rukunin manyan jami'ai, daga mataki na 8. Abin lura a nan shi ne, wanda ya shiga ta ƙasa ba a rufe masa ƙofar sama ba. Yana karɓar albashinsa, yana biya wa kansa makaranta, alhali takwaransa na zaune a gida yana jiran mahaifin da bai da halin biya.

Hanya mafi sauƙi ita ce Buɗaɗɗiyar Jami'a ta Ƙasa, NOUN, wadda aka farfaɗo da ita a farkon mulkin Obasanjo na farar hula. Ba ta tilasta zaman aji kullum, tana kuma ba da digiri a fannin nazarin laifuka da tsaro. Wannan jami'a tana da cibiyoyi a cikin gidajen yari irin su Kirikiri da Kuje, inda ɗaurarru ke karatu kyauta, wasu har digiri na biyu. To, jama'a, ina dalilin da mai riƙe da makulli zai tsaya a takardar sakandare, wanda yake tsaro kuwa yana shirin jarrabawar digiri?

Amma kada in yi muku daɗin baki, akwai wahala. Aikin karɓa-karɓa ne, safe da yamma da dare, kuma wanda ya kwana a bakin ƙofa ba ƙaramin ƙoƙari zai yi ba kafin ya fahimci abin da ke cikin littafi da hantsi. Ana iya yi masa canjin wurin aiki ana tsakiyar zangon karatu. Gidajen birane a cunkushe suke, kusan kashi biyu cikin uku na mazaunansu jiran shari'a suke yi, ga kuma haɗari, kamar yadda harin Kuje na watan Yulin 2022 ya nuna.

Inda yara suka fi yin tuntuɓe shi ne batun izini. Ma'aikacin gwamnati kan yi shekara biyu na gwaji kafin a tabbatar da shi, kuma wajibi ne ya sami amincewar hukuma a rubuce kafin ya fara karatu. Wanda ya yi karatu a ɓoye zai iya dawowa da digirinsa a ce ba a san da zamansa ba, shekara huɗu ko biyar su tafi ba ƙarin girma. Haka kuma a ja kunnen iyaye: takardar neman aikin kyauta ake cike ta a intanet, duk wanda ya ce a kawo kuɗi zai sayar da gurbi, ɗan damfara ne.

Roƙona ga ƙungiya guda biyu ne. Kwamitin tallafin karatu ya daina cire sunan yaro don kawai yana ɗaukar albashi, domin albashin ƙaramin ma'aikaci da ƙyar yake kai shi ƙarshen wata, balle kuɗin rajista da na jarrabawa. Sannan kowane reshe ya tattara sunayen 'yan garinmu da ke cikin wannan aiki, masu ci da masu ritaya, ya miƙa wa sakatare kafin taro mai zuwa, domin yaron da zai nemi izinin karatu ya san ƙofar wanda zai ƙwanƙwasa.