Jawabin Yaye Ɗaliban Injiniyancin Sararin Samaniya

An taru a nan ne domin yaye ɗaliban da suka yi shekaru suna nazarin yadda ake tafiyar da ƙananan taurarin ɗan'adam a ayari, wato a sa su riƙe ƙayyadaddiyar tazara a tsakaninsu alhali suna kewaya duniya da gudun fiye da kilomita 7 a daƙiƙa ɗaya, domin su haɗu su yi aikin da a da sai babban tauraro mai tsada.

Ayarin sama ba ya bin ƙa'idar ayarin fatake, domin tauraron da ya tunkuɗa kansa gaba don ya cim ma ɗan'uwansa, sai falakinsa, wato hanyar da yake bi yana zagaye, ya ɗaga sama, zagayen ya tsawaita, ya ƙara komawa baya. Tun 1960 masana Clohessy da Wiltshire suka fitar da lissafin wannan motsi, amma kumburin duniya a ƙugunta da ragowar iskar da ke can sama suna ta wargaza jerin a hankali, ga shi tankin ƙaramin tauraro ba ya cin guzuri mai yawa, kuma ba a sake cika shi.

Wannan ne ya sa aikin Jami'ar Toronto ta Kanada ya cancanci yabo. Ranar 30 ga Yuni, 2014, rokar Indiya ta ɗauki tagwayen taurarin jami'ar, CanX-4 da CanX-5, kowanne akwati mai faɗin santimita 20, suka yi tafiya da tazarar mita 1,000, sannan 500, daga bisani ɗaya ya riƙa kewaya ɗayan a mita 100 da kuma 50, kuskurensu bai kai mita guda ba, saboda suna kwatanta saƙonnin GPS da juna har su san matsayinsu da ƙididdigar santimita.

Amma ƙananan taurarin Najeriya da Ghana, NigeriaEduSat-1 da GhanaSat-1, waɗanda aka saki daga tashar sararin samaniya ta ƙasa da ƙasa a 2017, ba su da injin gyara tazara, kuma matakin tafiya a ayari ne ke jiran waɗanda ake yayewa yau.