ABIN DA SHUGABA ZAI BARI A WURIN AIKINSA

An shirya wannan jawabi ne domin shugabannin wuraren aiki, manya da ƙanana, watau kamar sakataren ƙaramar hukuma da hedimasta da malamin gona da mai kula da ɗakin shan magani. Kowannensu wata rana zai miƙa makullin ofis ga wani, ko don an canja masa wurin aiki, ko don ya yi ritaya, ko kuwa don ajali ya zo. Daga ranar nan ne ake fara auna aikinsa, kuma waɗanda za su auna shi sau da yawa mutane ne da bai taɓa gani ba.

Tarihin marigayi Alhaji Audu Bako ya isa misali. Babban jami'in 'yan sanda ne, wanda ya riƙe Jihar Kano daga 1967 zuwa 1975, lokacin da Jigawa ke cikinta. Ya lura cewa ƙasar tana da ɗimbin jama'a, ga damina gajera, don haka ya mai da hankali ga tare ruwa. A zamaninsa aka gina madatsar Bagauda, sa'an nan aka kammala babbar madatsar Tiga a kan Kogin Kano a 1974, ana tsakiyar fama da farin da ya addabi Arewa. Ya rasu a 1980, amma har yau manoman Kadawa da Kura da Bunkure suna noman rani na shinkafa da alkama da tumatir da ruwan Tiga. Yawancinsu ba a haife su ba sa'ad da aka aza harsashin aikin. Lalle alheri danƙo ne, ba ya faɗuwa ƙasa banza.

To, amma ruwa bai san iyakar jiha ba. Kogin Kano shi ke haɗuwa da na Calawa su zama Kogin Haɗejiya, wanda ke gangarawa gabas ya shayar da fadamun Nguru, ya haɗu da Kogin Jama'are kafin ya wuce ta Gashuwa. Mutanen wannan yanki, har da na Jajimaji, hedkwatar Ƙaramar Hukumar Karasuwa da ke tsakanin Nguru da Gashuwa, a lokacin suna cikin Jihar Arewa maso Gabas ne, ba sa ƙarƙashin Gwamnan Kano. Duk da haka aikinsa ya iske su har gida. Da can, ambaliyar damina kan malale fadama, in ta janye manomi ya shuka, makiyayi ya sami ciyawa, masunci ya kama kifi. Bayan gina Tiga, da kuma madatsar Calawa a 1992, ambaliyar ta ragu, ruwan da ake saki rani da damina kuwa ya ba ciyawar kacalla damar yaɗuwa. Ta toshe hanyoyin ruwa, ta cinye gonaki, ta zama maɓoyar tsuntsayen jan-baki masu ɓarnar hatsi. Tun daga 1976 Gwamnatin Tarayya ta kafa Hukumar Raya Kogunan Haɗejiya da Jama'are, kuma daidaita rabon ruwan nan tsakanin na sama da na ƙasa yana cikin manyan nauyin da aka gada.

Wannan bai rage darajar Audu Bako ba. Abin da ya nuna shi ne, aikin shugaba ya fi shi tsawon rai, ya kuma fi ikonsa nisan tafiya. Saboda haka ya wajaba ga duk mai riƙe da ofis, kafin ya sa hannu a takarda, ya tambayi kansa ko su wane ne ke ƙasan kogin wannan shawara. Hedimastan da ya cika aji da yara ba tare da ya nemi ƙarin malamai ba, ya bar wa magajinsa wahala. Sakataren da ya sa aka haƙa rijiyar burtsatse amma bai sa an koya wa kowa gyaran famfo ba, ya bar wa gari ƙarfe ne kawai.

Bugu da ƙari, shugaba ya ja na ƙasa da shi a jiki, ya koya musu aikin, ya saurari masinja da direba kamar yadda yake sauraron mataimakinsa. Ya ajiye lissafin kuɗi da fayil-fayil yadda wanda ya gaje shi zai karanta ya gane. In ya san aikinsa yana da wata illa, ya rubuta ta a takardar miƙa aiki, kada ya ɓoye don gudun zargi, gama gyara ya fi sauƙi tun ɓarna tana ƙarama.

Allah Ya ba shugabanninmu ikon riƙe amana, Ya sa su gama lafiya. Wassalamu alaikum.